Harafin da Gara Ta Bari

Da aka zo rabon gidanmu na Birni
igiyar awo ta tsaya a ƙofar ɗakin Tankari.
Alƙali ya ce, mene ne shi ga kakanku Kiyari?
Mu goma sha ɗaya, kowa ya dubi ƙafarsa.
Baba Ƙarami muka tashi muna ce masa,
ba mu taɓa tambayar ƙaramin wa ba.

Ni aka aika, don ni ce na yi lakwal.

A lameri, ɗakin baya, inda fanka ta mutu tun bara,
Malam Manzo ya sauko da littafin lanho
na zamanin Nasara, ya hure shi, ya yi atishawa.
Ga Kiyari, maigida, majemi, jaki biyu.
Ga Fanna, ga Habsu.
Layi na huɗu, da tawada mai launin ruwan goro: Tankari.
Na bi layin da yatsa zuwa gurbin dangantaka,
na tarar gara ta riga ni.
Harafi guda ta bari, f, tsaye kamar sanda.

Malam Manzo ya cire tabarau.
Ya ce, a Faransanci ɗan'uwa da shi yake farawa.
Ɗa ma da shi.
Ya yi shiru, sannan ya ce, maƙeri ma haka.
Na biya dala arba'in, aka ba ni hoton ramin.

A Zangon tsohon gari akwai gafakar liman,
jikansa ya kwance mini ita bayan la'asar.
Ajami ne siriri, kamar sawun tururuwa:
an haifi namiji gidan majema daren Laraba,
shekarar da fara ta ci gero.
Babu sunan yaro. Babu na uwa.
Fara kuwa sau uku ta zo, in ji masu ƙirga.

Sai na hau mota zuwa Mirya wurin Gwaggo Zuwera,
wadda idonta ya tafi, ya bar mata kunne.
Ta ce, wa ya aiko ki tonon rijiyar da aka rufe?
Na ce, igiyar awo.
Ta tauna goro har na fid da rai.
Ta ce, wata mace ta shigo da goyo, da yunwa,
ta kwana uku a zaure, ba ta ga na huɗu ba.
Ta ce, a'a, wannan ta gidan Mato ce, na haɗa.
Ta ce, tsagarsu dai iri ɗaya,
sai dai ta Tankari ta fi da ɗaya a hagu,
ko hannun wanzami ne ya goce, oho.
Abin da na gani da idona, lokacin ina da su:
ranar da Kiyari ya mutu
Tankari ne ya shiga ramin ya karɓe shi,
ya fito bai ci abinci ba har Juma'a.
Rubuta wannan, in takardarki tana da wuri.

Ba ta da wuri. Gurbin ɗan yatsa ne.

Na dawo da magariba, duwatsun gari sun huce,
mata na jere da bidon a bakin famfo.
A ƙofar gida na ga Lawali, jikan Tankari,
zaune kan babur ɗinsa na haya, yana jirana.
Bai tambaye ni ba.
Ya karkata kai, ya sosa bayan kunne da ɗan yatsan tsakiya,
yadda babana ke yi in magana ta yi masa nauyi.
Na san ana gadon wannan.
Na san kuma ana koyonsa, in an ci tuwo a akushi ɗaya.

Gobe alƙali zai ce, me kika samo?
Takardar tana cikin jakata, ninki huɗu.
Lawali ya ce, hau in kai ki, Yaya, dare ya yi.
Na hau.